Tambayoyin Masu Karatu: Na Fita Harbin Kurege Sai Na Tarar da Mesa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a karkarar Madarumfa, ina noman gujiya da hatsi kusa da gulbi. A daminar bana kurege da gafiya sun addabe ni da tonon gujiya, shi ya sa nake sammako da bindigata ina kewaya gonar. Wata safiya na ga ciyawa tana motsi a gindin wani suri, har na ɗana, sai na lura mesa ce ta haɗiye wani abu cikinta ya kumbura. Na ja da baya ban harba ba, amma maƙwabta suna cewa na yi wauta, tunda yara suna bin hanyar. Shin kuskure na yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka yi kuskure ba, kuma abin da ya fi burge ni a wasiƙarka shi ne ka tsaya har idonka ya tabbatar da abin da ke cikin ciyawar kafin yatsanka ya motsa. A lokacin da hatsi ya rufe mutum, abin da ke motsi a duhun gona yana iya zama akuyar maƙwabci, ko yaron da aka aika yankan ciyawa, ko makiyayin da ya ratso, kuma bindigar gida da ake ɗura wa barbaɗin ƙarfe watsa shi take yi, ba ta zaɓen inda zai faɗa.

Ita mesa ba ta da dafi, da matsewa take kashe abincinta, kuma abin da ka gani a cikinta mai yiwuwa gafiyar nan ce da ta hana ka barci. Beraye da gafiya da kurege su ne abincinta na yau da kullum, saboda haka aikin da ka fito yi da harsashi ita ma shi take yi maka dare da rana ba tare da ka kashe ko dala ba. Idan ta ƙoshi jikinta yakan yi nauyi, ta kwanta kwanaki ba ta son tashi. Sai dai tsoron maƙwabtanka ba na banza ba ne, domin babbar mesa tana ɗaukar kaza da ɗan akuya, tana kuma cizo idan aka matsa mata, musamman macen da ta naɗe ƙwanta a cikin suri tana gadi. A hana yara wasa a wurin, in kuma ta fara kusantar gidaje a sanar da jami'an gandun daji su zo su ɗauke ta.

Macijin da nake so ka ji tsoro ƙarami ne, wato kububuwa. Da wuya ta wuce kamu ɗaya da rabi, launinta ya saje da ƙasa, kuma tana son ramukan beraye da ƙarƙashin tarin kara da ganyen gujiya da aka tuge, daidai wuraren da maharbi yake zura hannu ya ɗauko abin da ya harbe. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya ga dasashinsa yana zubar da jini bayan wasu sa'o'i alhali da farko ya ɗauka abin bai yi tsanani ba. Wanda ta sara kada a tsaga masa wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya ko roba. A cire masa zobe da duk abin da zai matse idan wurin ya kumbura, a hana shi tafiya da ƙafa, a kai shi asibiti nan take a nemi allurar maganin dafi. Gamsheƙa kuwa tana tofa dafi a ido daga nesa, kuma abin yi na farko shi ne wanke idon da ruwa mai yawa na tsawon lokaci kafin a tafi asibiti. Takalmin roba mai tsawo da sanda sun fi bindiga amfani a nan.

Akwai kuma batun doka. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar, ta ranar 29 ga Afrilun 1998, ta ɗora farauta a kan lasisi, ta kuma haramta farautar dare da sa guba da kunna wa daji wuta don korar nama. Wasu dabbobin ba a taɓa su sam, kamar raƙumin dawa, wanda aka kawo guda 8 daga Kure zuwa gandun Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018. Kafin ka sake fita, ka je ofishin gandun daji na yankinku ka bayyana musu ɓarnar da ake yi maka.

Tambaya: Ɗana ya fita da danƙo korar jan-baki daga hatsi da yamma, sai wata dila ta nufo shi ba ta gudu, yawu yana zuba daga bakinta. Ya hau itace har ta wuce. Me ke kawo haka? Daga wata uwa a Gidan Rumji.

Amsa: Hajiya, Allah Ya kiyaye gaba, yaron ya yi hankali. Dila lafiyayya gudun mutum take yi, don haka wadda ta daina tsoro tana dalalar da yawu ana zarginta da ciwon haukan kare, wanda ba ya warkewa da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum. Ki duba jikinsa da kyau, in akwai cizo ko yaƙushi komai ƙanƙantarsa a wanke da sabulu da ruwa na minti 15, a kai shi asibiti a ranar domin allurar rigakafi. A sanar da mai gari da ma'aikatan kiwon dabbobi, a kuma tsare duk karen da aka san ya yi faɗa da ita.