Jakin jitata ya ƙi zama daidai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a wata ƙungiya a nan Jos. Kawuna ya bar mini wata tsohuwar jita ƙirar Koriya, irin mai ƙoƙon ciki da doron fuska, mai ramuka biyu kamar harafin f. Na kwance tsirkiyoyinta duka don in goge ta, sai jakin, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan fuskar, ya faɗi ƙasa ya tsage. Na yi odar wani ta intanet, ya iso, amma rawa yake yi a kan fuskar, ana hango haske ta ƙarƙashinsa, kuma in na hau can saman wuya sautin ba ya daidaita. Wani kafinta ya ce a manne shi da gam. In yarda? Sannan kunnen tsirkiya ɗaya, abin murɗawar nan da ke kan jitar, ya lalace, sababbin da na gani sun fi ramin kauri. Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi wa kafintan nan godiya, ka ɗauke jitarka ka tafi. Gam ba ya cikin wannan sha'ani.

Irin jitar da ke hannunka asalinta Amurka ne. Orville Gibson, a garin Kalamazoo, shi ya fara sassaƙa fuskar jita da doro tun kafin shekarar 1900, yana kwaikwayon yadda Turawa ke ƙera gogensu. Daga baya kamfanin Gibson ya fito da jita samfurin L-5 mai ramukan f, sai ES-175 a 1949, wadda masu ƙira a Japan da Koriya suka yi ta kwafa. A dukansu jaki a sake yake, nauyin tsirkiya kaɗai ke danne shi, kamar dai jakin garaya. Shi ya sa naka ya faɗi da ka kwance duka. Nan gaba ka riƙa canza tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. In ka manne shi, ka rufe hanyar gyaran sauti ke nan, kuma ranar da za a cire shi da fenti zai taso.

Rawar da yake yi ba laifin mai sayarwa ba ne. Babu fuska biyu masu doro iri ɗaya, don haka sabon jaki kusan kullum sai an ci gindinsa ya bi doron jitar da zai hau. Ga yadda nake yi. Ka sami sanfefa mai lamba 120, ka yanki faifai kamar tafin hannu, ka shimfiɗa shi a inda jakin zai zauna, ɓangaren kaushi yana kallon sama, ka riƙe gefunansa da salatif na takarda. Na roba yana ɓare tsohon fenti. Ka zane gindin jakin gaba ɗaya da fensir, ka ɗora shi a kan sanfefar, ka riƙa goga shi gaba da baya ta hanyar da tsirkiya ke bi, ɗan taƙi kaɗan, kada hannu ya karkata. In ka yi nisa da wurin, doron wani wuri za ka kwafo. Ka riƙa ɗagawa kana dubawa: inda fensir ya goge ya taɓa, inda ya rage da saura. In duk ya goge, ka sauya zuwa lamba 220 ka sulɓe. Aikin yamma guda ne in katakon mai tauri ne, kuma masu gaggawa a nan suke ɓata jaki.

Sai mazauninsa. Ka auna daga ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan wuya zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan, ka ninka biyu, nan ne kan jakin zai faɗa, da ƙarin milimita 2 zuwa 3 a ɓangaren tsirkiya mai kauri. Masu kwafar ES-175 yawanci tsawon ya kan kama inci 24.75, wato kusan milimita 628, amma ka yarda da awonka. A jitoci da dama wurin yana daura da 'yan tsagogin nan na tsakiyar ramukan f. Ka ɗaure tsirkiya, ka daidaita sauti, ka danna ƙarfe na 12. In sautin ya yi sama fiye da yadda ya kamata, ka sassauta ka ja jakin baya wajen gindi. In ya gaza, ka turo shi gaba. Ka yi da tsirkiya ta farko da ta shida, sauran za su bi gwargwado. Abu ɗaya: yawancin jakunan katako an yanka su ne don tsirkiya ta uku mai naɗi. In taka sulɓaɓɓiya ce, za ta riƙa haurawa komai ƙoƙarinka.

Kada ka yar da tsohon jakin. Ƙusoshi biyun nan na jikinsa masu 'yan tayoyin ɗagawa da saukewa, na Koriya zarensu na milimita ne, na Amurka na inci, ba sa shiga juna. Tazarar tsakaninsu kan kai kusan milimita 74, amma akan sami bambancin da zai hana saman wani ya hau gindin wani. Ni kafin in yi odar komai, daga shagunan intanet irin su StewMac da Thomann ne ko wani shago a kasuwar Alaba ta Legas, sai na je wurin makaniki ya auna mini tsohon da abin awonsu mai baki biyu, sannan in ce wa mai kaya ya turo nasa awon a rubuce. Hoto ba ya nuna milimita.

Haka batun kunnen. Ramukan tsofaffin jitoci sukan kama milimita 8 zuwa 9, kunnuwan zamani masu rufaffen ciki suna son 10. Ka nemi masu tsohon salo, har yanzu ana yin su, ka sayi saiti guda ka canza duka shida. In dole sai an faɗaɗa rami, a yi da abin faɗaɗawa na hannu, a hankali. Injin huda yana fizgar katako ya tsaga kan jita. Ramin ƙaramar ƙusar da ke riƙe kunnen, in bai dace ba kuwa, tsinken sakace da ɗigon gam sun isa toshe shi.

Tunda a Jos kake, ka sa hunturu a lissafi. In iska ta bushe fuskar takan ɗan sauka, tsirkiya ta fara gugar ƙarafa. Da damina ta taso. Da tayoyin nan za ka bi ta, bayan ka sassauta tsirkiya: tazarar tsirkiya da ƙarfe na 12 ta zama kusan milimita 2 ga mai kauri, 1.5 ga siririya. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa ajiye ta a akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji, ka matse shi sosai kada ya ɗiga.