Bol ɗaya ya ci min babur

Na saurari saƙonka na murya, minti huɗu kana kewaye-kewaye kafin ka zo kan magana. Ka ce bol ɗin tayar gaba na Hondar yayanka, irin wanda ake ɗaura noti a kansa ya riƙe taya, ya karye, ka bugi ƙirji ka ce za ka gyara a gida, ka kwance komai a ƙofar gida, ka doke guntun ya fita, yanzu sabon ya ƙi shiga ta baya, kansa na tokarar nokul, ƙarfen da ke ɗauke da ƙafar motar. Mota na kan jak tun jiya. Kana tambaya ko ka kira mai walda ya ɗana maka shi, ko ka ci gefen kan da injin gurza. Da wani ne ya tambaye ni ranar hutu da ban amsa ba. Amma ka ambaci walda da Honda a numfashi ɗaya, ka taɓo min wani tsohon miki.

Yadda ake ɗaga mota da cire taya da kalifa, abin da ke matse birki, ba zan ɓata yawu a kai ba. In shekara biyu a gabana ba ta koya maka wannan ba, ka koma tallan ruwan leda. Abin da nake so ka ji shi ne labarin wani Alhaji da Hondarsa, wadda ake kira Bulldog, ƙirar 1994 zuwa 1997, mai noti huɗu a kowace ƙafa.

Lokacin ban daɗe da yin aure ba, ina da rumfata ta kaina, ina da yara uku a ƙarƙashina, ina da babur Jincheng sabo fil wanda na tara kuɗinsa da gumina. Wata Alhamis bayan la'asar surukina da kansa ya kawo min mutumin, ya ce abokinsa ne tun na makarantar allo, gobe zai kai iyali ɗaurin aure Zariya, bol ɗaya ne kawai ya karye, in taimaka. Babbar riga ta sha aiki, turare har bakin titi, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi kamar ubana.

Ina cire taya na ga abin da ba a gaya min ba. Fuskar hob, ƙarfen da bol ke zaune a jikinsa taya ta hau kansa, duk tabon guduma, kamar an yi sussukar gero a kai. Guntun bol ɗin ya baje kamar kan ƙusa, alamar an doke shi an doke shi bai fita ba. Sauran ukun kuwa, na sa noti da hannu sai ya tafi rabi ya cije, ka san zaren ya miƙe ke nan, an taɓa ɗaure su da fayif har suka ja. Na juya hob na kasa kunne, na ji boris, wanda hob ke juyawa a cikinsa, na ɗan gurnani ƙasa-ƙasa. Ita kuma Bulldog, ita da Hala da ta gabace ta, dis ɗinsu, wato faifan birki, a bayan hob yake ɗaure, ba irin na sauran motoci da kake zare shi ta gaba ba. Aikin da mai mota ke gani na minti goma, sai ka sauke ƙafar gaba ɗaya.

Na miƙe na ce, ranka ya daɗe, an taɓa wannan ƙafar. Ya ce wallahi ba wanda ya taɓa. Na ce to bol huɗun nan duka sai an canja, boris ma ya tafi. Ya yi dariya ya dubi surukina ya ce, ka ji halin makanikai, ka kawo musu ciwon kai su ce sai an yi tiyata. Surukina ya harare ni. A nan na yi kuskuren da har gobe ina cizon yatsa a kansa: na ji kunya. Na tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya samo bol ɗaya, na sauke ƙafar, na sa, na mayar da tsohon boris da na san ya gama yayi, muka gama da fitilar ƙwai bayan isha'i. Ban kira maƙwabcin rumfa ya shaida ba, ban rubuta komai ba, ban ajiye guntun bol ɗin ba. Ya ba ni abin da bai kai kuɗin tuwon yarana ba, ya ce Allah ya yi albarka.

Washegari kafin a sauko daga masallacin Juma'a sai ga 'yan sanda biyu a rumfata. Taya ta fita wajen Kwanar Ɗangora, ta shige gona, mota ta ja ƙasa da dis. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, amma dis da nokul da ƙafar ƙasa da gefen mota duk sun tashi aiki. Aka kawo hob ɗin ofis aka ajiye a kan tebur. Bol uku sun guntule, ɗaya ne ya rage a lanƙwashe, kuma nawa ne, wanda na sa. Na nuna musu, na ce ku duba, nawa ne kaɗai ya riƙe. Wa zai saurare ni? Ga mai babbar riga yana rantsuwa cewa lafiya lau motarsa take kafin ta shiga hannuna, ban taɓa ce masa a canja komai ba. Na waiwayi surukina, shi kaɗai ne shaidata, sai ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa.

Na kwana biyu a bayan kanta. Shugabannin ƙungiyarmu suka shiga tsakani aka yi sulhu, wai a raba asara, amma rabon kura da akuya aka yi. Na sayar da Jincheng ɗin, na ƙara da kuɗin da na ajiye na sunan ɗana na fari, sannan na yi masa aikin kyauta da hannuna. Shekara guda cur ina zuwa gareji a ƙafa daga unguwarmu. Abin da ya fi asarar ciwo, maganar ta zaga, aka riƙa cewa wane ai taya ke fita a hannunsa. Masu motocin haya biyar da nake yi wa aiki suka janye.

Bayan kusan shekara uku direbansa, da suka ɓata, ya zo rumfata shan shayi ya fasa ƙwai. Ashe tun ranar Talata bol ɗin ya karye, a wajen mai faci, wanda ya sa fayif a sifana ya hau da ƙafa biyu yana tsalle. Suka koma gida, Alhaji ya ce ba zai ba bakanike ko sisi ba, ya sa direba da maigadi suka yini suna dukan hob da gudumar fasa dutse. Da ta gagara ne aka tuna da ni. Har yau ina ganinsa a sahun gaba, ya tsufa, yana miƙo min hannu, ina karɓa saboda Allah. Amma babur ɗina bai dawo ba, kuma bai taɓa cewa in yafe masa ba. Da aka ce kunyar mara kunya asara ce, ni na biya kuɗin karatun.

To yanzu kai. Walda dai a'a, ko da wasa. Bol ɗin taya ƙarfe ne da aka gasa aka ba shi taurinsa, wuta na taɓa shi ya saki, zafin kuma ya bi hob ya narkar da giris ɗin boris. Mai walda zai karɓi kuɗinsa ya tafi, kai za a nema. Kuma ba walda ke riƙe shi ba tun asali. Dubi wuyansa, ƙasan kai, za ka ga haƙora a jere, su ne ke nutsewa cikin ramin hob su cije. In ramin ya buɗe har sabon bol na juyawa a ciki, hob ɗin ne ya mutu, sai wani.

Na san da me ka fitar da guntun, kada ka yi min ƙarya. Duk dukan da ka yi wa bol, boris ne ya sha shi. Kafin ka yi komai, juya hob da hannu ka saurara, ka kama shi ka girgiza. In ka ji gurnani ko wasa, maganar gurza kai ma ba ta taso ba, ƙafar za ka sauke ka kawo.

Motar yayanka Hondar nan ce da ake kira End of Discussion, na san halinta, Honda ba ta bar wa bol hanya a gaba ba. A Corolla ko Camry sau da yawa juya hob kawai za ka yi har ramin ya zo daidai inda akwai sarari a baya, ka zura. A wannan kuwa hanyar gaskiya ita ce a sauke nokul, a kai injin matsi a fitar da hob, kuma in hob ya fita yakan taho da rabin boris, dole sabo. Sabon ma yana da fuska, gefen da ke da maganaɗisu ciki yake kallo, ka juya shi fitilar ABS ta kama ta ƙi mutuwa. Gurza gefen kan bol, e, ana yi, ni ma na yi ba sau ɗaya ba. Amma gefe ɗaya, ɗan kaɗan, da magagari, ba ka kusanci wuyan ba. Ni na san inda zan tsaya. Kai da na gani kana yanka kwano da injin gurza kamar mai yankan kabewa, ban yarda da hannunka ba tukuna. Nokul kuwa kada ka kuskura ka ci shi, ko wane ne ka gani yana yi a waya.

Wayar nan ita ce ta lalata ku. Bature ya ɗauki bidiyo a garejinsa mai sanyi, motarsa ba ta taɓa faɗawa ramin hanya da lodin buhu shida ba, ya yanke wurin da ya sha wahala, ku kalli minti uku ku ce kun iya. Mu shekara bakwai muka yi muna wanke sifana da kananzir kafin maigida ya bari mu taɓa birki. Ku wata shida kun buɗe shafi kun sa hoto da rigar aiki.

In bol ya shiga, jawo shi ake yi, ba duka ba. Jera washa masu kauri a kansa ta gaba, ka samo tsohon noti mai buɗaɗɗen kai ka juya shafaffen gefensa ya kalli washa, ka ɗaura a hankali har kan ya zauna daram a bayan hob, ko takarda ba ta shiga tsakani. Leƙa ka gani da idonka. In ya rage ko kaɗan, zai ƙarasa zama a kan hanya, noti ya saki. Notin da ka ja da shi ka jefar, kada ya koma mota.

Kuma wane bol ka sayo? Na san ku, ku miƙa wa mai shago kuɗi ku ce na Honda, ya ba ku abin da hannunsa ya kai. Honda da Toyota zarensu ɗaya, kauri milimita 12, tazarar zare 1.5, amma wuyansu ba ɗaya ba, mazaunin notinsu ma daban, na Honda zagayayye ne. Nissan kuwa zarenta 1.25, ka sa notinta a Honda zai hau zagaye biyu ya cije, wawa ya ƙara ƙarfi ya ce ya ɗauru. Ni na fi yarda da bol ɗin da aka ciro daga hob ɗan Beljiyam a kan sabo mai ƙyalli wanda ba a san uwarsa ba ba a san ubansa ba. Sauran huɗun da ke ƙafar ka bi su da noti da hannu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya cije a hanya ya miƙe, ya bi ɗan'uwansa. Ɗauri kuma ma'auninsa 108 Nm ne a sifana mai ma'auni, zare a bushe ba mai, kana tsallakawa ba bi da bi ba, in an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi. Ba a hawa sifana da ƙafa a gabana.

Yayanka zai ce bol ɗaya ya sani, sauran neman kuɗi ne, kuma zai faɗa a gaban mahaifiyarku don ka ji nauyi. Ka kira mutum biyu da ba 'yan gidanku ba, ka nuna masa a gabansu, ka ce ga abin da ya lalace. In ya ƙi, mayar masa da tayarsa ka ce ya kai wani wuri, ko da zai yi wata ba ya amsa gaisuwarka. Tsofaffin bol ɗin ka zuba a leda ka ɓoye.

Tokare motar da kututture yau ɗin nan, kada ta sake kwana a kan jak yara na wasa a gindinta, kalifa kuma ka rataye shi da waya, na tabbata ka bar shi yana lilo a jikin tiyo. Gobe da sassafe ka sauke nokul ɗin ka ɗauro a babur ka kawo, da guntun da ka fitar in ga yadda ya karye. Ka haɗo da soket ɗina mai lamba 19 da na neme shi jiya ban gani ba.