An ce sefsis ne, amma gwajin jini bai nuna komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An kwantar da mahaifina da zazzaɓi mai zafi, yana haki yana surutai. An ɗebi jininsa har kwalba huɗu, aka fara masa allura nan take ba a jira sakamako ba. Bayan kwana biyar aka ce ba a ga ƙwayar cuta ba, amma likita ya dage cewa sefsis ne. Yaya haka? (Wata mai karatu)

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar likitan ba ta ci karo da sakamakon ba.

Sefsis ba sunan ƙwayar cuta ba ne. Yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar cutar da ta shigo, har ta koma tana illata ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa. Tushen yana iya zama huhu, mafitsara, ciki ko wani gyambo, kuma ba dole ne bakteriya su kasance suna yawo a jini a daidai lokacin da aka ɗiba ba. A jikin mara lafiya ake fara gane shi: numfashi 22 ko fiye a minti ɗaya, lambar sama ta awon jini ta sauko 100 ko ƙasa, sai rikicewar hankali. Biyu daga ciki sun isa a tashi tsaye.

Kwalabe huɗun nan ba ɓarnar jini ba ce. A jinin babba ƙwayoyin ba su da yawa, wani lokacin ko ɗaya ba ta cika a mililita guda ba. Shi ya sa ake zuba mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba, biyu daga jijiya ɗaya, biyu daga wata; a kowane biyun, ɗaya don bakteriya masu son iska, ɗaya don waɗanda iska ke hana su girma. Sai a saka su a na'ura mai ɗumin digiri 35 zuwa 37 har kwana biyar, kodayake yawancin masu fitowa, irin su Escherichia coli da Staphylococcus aureus, suna bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke sa a tashi hannu rabbana shi ne antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, da aka sha kafin a ɗebi jinin. Ko ƙwaya biyu da aka haɗiya a gida suna iya hana bakteriya girma a kwalba, alhali cutar tana nan. Sai ƙarancin jinin da aka zuba, da kuma saka kwalba a firji, wanda kuskure ne babba. Akwai kuma akasin haka, idan ba a goge fata da kyau an bar maganin gogewar ya bushe kamar sakan 30 ba, ƙwayoyin saman fata su faɗa kwalba su ruɗa likita. Amfanin ɗiba daga wuri biyu ke nan: in kwalba ɗaya kaɗai ta nuna irinsu, galibi gurɓata ce.

Fara allura kafin sakamako kuwa shi ne daidai, kuma ina yaba musu. Idan awon jini ya faɗi ƙasa, ana so antibayotik ya shiga jijiya cikin awa ɗaya, da ƙarin ruwa kimanin mililita 30 a kowane kilo na nauyin jiki cikin awa uku na farko. Ana ɗibar jinin tukuna, amma ba a tsayar da magani don jiransa.

Ki tambayi likitan daga ina yake ganin cutar ta taso, ko an yi gwajin fitsari da hoton ƙirji, da kuma kwana nawa za a yi ana maganin. Ki faɗa masa duk abin da Baba ya sha kafin ku zo asibiti, da sunansa da lokacin.