Zuwa ga ɗan ƙanena a Maradi, daga unguwar Ajame a Abijan

Saƙonka ya iso ni. Ka tambaye ni yadda mu 'yan Abijan muke gane sabuwar sana'a za ta tsaya da ƙafarta, sai kuma ka soka mini cewa ai mun zama Julawa, wato ƙabilar 'yan kasuwar nan ta Kodibuwa, ciniki kawai muka sani. Zan amsa duka biyun.

Mahaifinmu ya baro Maradi da niyyar cin rani, bai koma ba. Da teburin garba ya fara. Garba ai ka ji labarinsa: acheke na rogo, da soyayyen kifin teku, da barkono da albasa. Duk Kodibuwa ana cinsa, kuma sunan mutanenmu na Nijar masu sayar da shi ne ya bi abincin. Ka je ka gaya wa masu cewa mun ɓace a kurmi.

Tsoho bai taɓa ƙidaya layin masu saye ba. Kullum dare sai ya ware uwar kuɗi gefe, kuɗin kifi da mai da gawayin gobe, abin da ya ragu shi yake kira riba, daga ciki ake cefane. Ranar da cefane ya taɓa uwar kuɗi, ya san teburin ba shi da lafiya, ko da an kwana ana ciniki. Sai littafin bashi. In abin da kake bin mutane ya fi abin da ke aljihunka, sunanka kawai ke kan shagon. Yana kuma lura da fuskoki: nawa ne suka ci jiya suka dawo yau? Baƙon ido ba ya riƙe sana'a.

Wanda ya fi muhimmanci a wajena, da wuya muka koye shi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle. Rikicin 2002 ya raba ƙasar biyu, a 2011 kuma muka yi makonni Ajame ba kasuwa. Tun daga nan nake tambayar duk yaron da ya zo neman jari: in aka rufe maka shago yau, wata nawa za ka biya haya da yaran shago ba ka ci bashi ba? Ku ma kun ɗanɗana a 2019 da Najeriya ta rufe iyaka, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya cik. Shagon wayoyinka da duk kayansa daga Kano suke fitowa, ka yi wannan lissafin?

Batun Julanci kuwa, eh, matata, innarka, Bajula ce, Musulma 'yar Musulmi, kuma ita ke riƙe da adashin matan layinmu shekara da shekaru, ko dala ba ta taɓa ɓata ba. Yarana suna haɗa Hausa da Faransanci, ban musa ba, amma ku ma "butik" da "lekol" kuke cewa. Abin da ke ci mini rai shi ne in na zo Maradi a ce "Ga baƙon Abijan," alhali ko watan jiya ni na aiko kuɗin gyaran katangar gidan kakanku. Ka ɗauko mini hoton littafin bashinka na wata uku, in duba kafin mu yi maganar ƙarin jari.