Hukuncin yarda da cewa ƙwayar cutar kifi dangin jelifish ce

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam, ni ɗalibin bayoloji ne, lakcara ya ce wasu ƙwayoyin cutar kifi da ake kira miksozowa asalinsu ɗaya da jelifish mai harbin mutane a teku, kuma za a kawo mana a jarabawa. In na yarda da haka na taɓa imanina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ba ka taɓa imaninka ba, rubuta jarabawarka hankali kwance.

Su dai waɗannan miksozowa sun haura kala 2,000, galibinsu sai da maikroskof ake ganinsu, an daɗe ana lissafa su cikin halittu masu ƙwaya ɗaya, sai masana suka lura 'yar jakar da suke harbo zare da ita su maƙale jikin kifi irin ginin jakar dafin jelifish ne da ita, daga baya a 1995 binciken DNA, wato ƙwayoyin gado, ya nuna dangin jelifish ne, na 2007 da 2015 suka ƙara ƙarfafawa. Wai kakanninsu suna yawo a ruwa ne, zaman cikin jikin wasu ya sa suka ƙanƙance suka rasa baki da hanji. Har akwai Henneguya salminicola da ke cikin naman kifin salmon, a 2020 aka gano ba ta numfashi da iskar oksijin ma gaba ɗaya, ikon Allah kenan.

To mu a shari'a nassi muke nema. Allah ya ce ya halicci kowace dabba daga ruwa, Suratun Nur aya ta 45, amma babu aya ko hadisi ingantacce da ya ce kowane irin dabba daban aka yi shi kuma ba ya sauyawa. Abin da wahayi ya yi shiru a kai ana barinsa ga hujja da bincike, in hujjar ta yi ƙarfi a karɓa, in ta rushe gobe a ajiye, kuma wallahi masu saurin kafirta ɗalibai a kan irin wannan su ji tsoron Allah.

Iyaka biyu dai zan ja maka. Kar ka ƙudurce cewa abin ya yi kansa ne babu Mahalicci, wannan kafirci ne. Sannan kar a ja maganar a kai ta kan Annabi Adamu AS, shi nassi ya zo ƙarara cewa daga turɓaya aka yi shi ba uwa ba uba, duba Ali Imrana aya ta 59.

Wallahu a'alam.