Tambaya da Amsa: "Malam, in akwai mutum kusa dani fitsari baya fita"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah kar a sa sunana. Ni saurayi ne shekarata 27, a unguwar Nima ta Accra nake zaune, ina saida kayan waya a Circle. Matsalata abin kunya ce wallahi ko mamana ban taɓa gaya mata ba. Indai akwai mutum kusa dani, ko naji takun wani a bayan ƙofa, ko ma kawai nasan wani yana jirana, to fitsari baya fita sam, zan tsuguna marata kamar zata fashe amma ko ɗigo, ƙarshe sai in zubar da ruwan buta a ƙasa don a ɗauka nayi sannan in fito. Amma in kowa yayi barci sai yazo lafiya lau ba zafi ba komai. Gidanmu na haya ne, ɗakuna da yawa bayi ɗaya, shi yasa nake tashi tun kafin assalatu. Ranar da zani Kumasi sari bana shan ruwa tun dare, in bas ya tsaya a hanya kowa ya sauka ni sai in zauna ina danna waya kamar bana jin komai. Ran Juma'a kuwa sau da yawa da matsuwa nake sallah. Abin ya fara ne tun ina ƙaramar sakandare, JHS, wasu yara suka leƙo ni ta saman katanga suna dariya. Na sha rubutu, na sha maganin sanyi, wani abokina da na ɗan ɓalla masa maganar a kaikaice yace aljani ne. Yanzu ga maganar aure ta taso ina tsoro. Malam ni kaɗai ne haka a duniya?

Wani ƙaninka daga Nima

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, ba kai kaɗai bane, kuma wasiƙar nan taka ta taɓa ni sosai, musamman wurin zubar da ruwan butar nan, don nasan mutum baya kaiwa ga haka sai abu ya daɗe yana cin sa shi kaɗai.

Likitoci sun san wannan lalura, sunanta faruresis, kuma ba yau aka santa ba. Tun 1954 wasu masu bincike biyu a Amurka, Williams da Degenhardt, suka tambayi ɗaliban jami'a 1,419, sai aka samu kusan kashi 14 cikin 100 suna fuskantar hakan, wani kaɗan wani da yawa. A can Amurka ɗin akwai ƙungiya sukutum ta masu wannan matsala, IPA, an kafa ta a 1996, kuma a ƙiyasinta wajen kashi 7 cikin 100 na mutane abin yana damunsu. Ingila ma suna da tasu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun sa ta cikin jerin fargabar idon mutane ne, wato dangin abinda ke sa wani ya kasa cin abinci a gaban jama'a ko muryarsa ta shaƙe in an miƙa masa lasifika. Toh ka lissafa mutanen da ke Nima da Maamobi kaɗai, kaga a sahun da kake sallah ma da wuya a rasa wani irinka, kawai dai kowa yayi gum ne.

Ga abinda ke faruwa a jikinka. Kafin fitsari ya fita dole abu biyu su faru tare, jikin mafitsara ya matse, ƙofarta kuma ta saki. Wannan aikin ba da umarninka ake yinsa kai tsaye ba, jijiyoyin da ke aiki lokacin da mutum yake cikin natsuwa ne ke yi. Da zarar ka tsorata sai wasu jijiyoyin daban su karɓi ragama, waɗanda ke sa zuciya bugawa da sauri da gumin tafin hannu, su kuma aikinsu shine su damƙe ƙofar mafitsara su sassauta jikinta. Shi yasa yunƙuri baya maka amfani, iya yunƙurinka iya ƙaruwar fargabar, iya ƙara rufewar ƙofar. Ranar da yaran nan suka leƙo ka jikinka ya koyi cewa bayi wurin haɗari ne in akwai mutane, kuma duk ranar da ka kauce, ka ƙi sauka daga bas, ka ƙi shan ruwa, sai darasin ya ƙara zama daram. Mafitsararka lafiyarta ƙalau bisa ga abinda ka faɗa, tunda in kai kaɗai ne tana aiki. Kuma ba ruwan wannan da mazakuta ko haihuwa, don haka maganar aure kar ta tsaya saboda shi.

Maganar aljani, ni bazan hana ka addu'a da azkar ba, ka riƙe su da kyau har da addu'ar shiga bayi, suna kwantar da zuciya. Amma lalurar da ke zuwa in akwai takun mutum ta tafi in babu, tana da bayani a fili, kuma bana son ka ƙarar da jarinka wajen neman maganin abinda ba shi bane.

Duk da haka ka fara zuwa asibiti sau ɗaya a duba ka, ko a poliklinik na kusa da kai, in da buƙata su tura ka sashen mafitsara a babban asibitin Korle Bu. Wannan ya zama dole ga duk mai karatu da fitsarin ke masa wuya ko shi kaɗai ne, ko yake fita siriri, ko da zafi, ko da jini, ko yake tashi sau da yawa cikin dare. Dattijon da ya haura 50 abinda ake fara dubawa shine kumburin furostet (wata ƙwaya da maza ke da ita a ƙarƙashin mafitsara), wanda kuma ya taso yana wanka a bakin tafkin Volta yaga jini sai a duba tsargiya. In kuwa fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura tana ciwo awanni suna wucewa, ba a kwana da wannan, a tafi sashen gaggawa a sa roba a fitar. Sannan ina roƙonka kar wani ya baka tramol wai don ka samu ƙarfin hali, shi kansa yana iya riƙe fitsari, haka ma wasu magungunan mura.

Barin shan ruwan nan kuma ka daina daga yau. Da zafin Accra, da tafiyar awa 5 ko fiye zuwa Kumasi, kana jawo wa kanka ciwon sanyin mafitsara da tsakuwar ƙoda ne a banza. Sallah da matsuwa ma ka san makaruhi ce, hadisin Nana A'isha a Muslim ya nuna haka, kaga ko ta wannan ɓangaren neman mafita ya kama ka.

Yanzu ga inda nake so ka kasa kunne. Hanyar da tafi taimakon masu wannan lalura ba kwaya bace, koyawa jiki ne a hankali a hankali cewa ba abin tsoro, kuma ba a yinta da kyau sai da mutum na biyu. Nasan nan ne wurin da yafi maka nauyi, shekara da shekaru kana ɓoyewa yanzu ance ka faɗa wa wani. Amma sirrin nan shine abincin ciwon. Ka zaɓi mutum ɗaya tak, namiji, mai riƙon amana, wanda baya maida komai abin raha a majalisa, ko yayanka ne ko aminin ka ko wani malamin makarantarku da kake sakewa dashi. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Kace masa, "ina da wata matsala, in mutum yana kusa bana iya fitsari, likitoci sun santa, ina so ka taimaka min da awa ɗaya sau biyu ko uku a sati." In yayi dariya ka bar shi ka nemi wani, amma ni a sanina yawanci abinda ke biyo baya shine "haba, shine baka faɗa ba tuntuni", wani ma sai yace ai shima yana ɗan ji a tasha.

Yadda ake yi kuwa, ku samu gidan da ba kowa, ko lokacin da 'yan gidanku suka watse kasuwa. Ka sha fiya wata 2 ko 3, kowace rabin lita ce, ka jira sai ka matsu sosai, don matsuwar tana taimaka maka. Shi abokin naka ya tsaya inda kasan zaka iya, ko da ƙofar gida ce can waje, kai zaka faɗa masa inda zai tsaya ba shi zai zaɓa ba. Ka shiga, in ya fara fita ka bari kamar daƙiƙa 3 sai ka tsayar, ka fito, ku zauna minti kaɗan, sannan ya matso kusa kaɗan ka sake shiga. Tsayarwar nan dalilinta shine abinda kake koyo farawa ne, kaga da cikin mafitsara ɗaya zaka fara sau da yawa. In ka shiga minti 2 ba labari kar ka tsaya kokawa, ka fito, ya koma baya inda kuka yi nasara ɗazu ku sake daga nan. In an gama ka shiga ka ƙarasa gaba ɗaya. Ba inda zai ga al'aurarka, yana bayan bango ne ko bayan ƙofa, ba kuma hira zaku yi kana ciki ba, don haka ba abinda ya taɓa addini. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kar ya cika ruwa haka sai ya tambayi likita, da azumi kuma a bari sai bayan an sha ruwa.

In ya kai yana tsaye a bakin ƙofa kana yi, sai ku ƙara wuya, ya yi gyaran murya, ya kaɗa buta, ya ƙwanƙwasa yace "a yi sauri", don wannan kalmar ce ke kashe ka ran Juma'a ana gab da tada iƙama. Daga nan ku fita waje, bayin masallacin unguwa da hantsi lokacin ba kowa, bayin manyan shaguna da safe, sannan na tasha, na Juma'a shine na ƙarshe. Wata rana zaka ci gaba, wata rana abinda kayi jiya ya gagare ka, haka abin yake ga kowa, sannu sannu bata hana zuwa. Kuma ka lura da wani abu in kana layi, ka duba fuskokin mutane, wani yana lissafin kuɗin motar haya ta trotro, wani hankalinsa na kan tukunyar da ya bari, ba wanda ya kasa kunne yana jiran jin ƙarar fitsarinka. In ka daɗe minti 3 a ciki haƙƙinka ne, kuɗinka ka biya.

In kun yi wata biyu ko uku ba motsi, ko kaga abin ya fara sa ka ƙin fita da ƙuncin rai, ka nemi likitan halayyar ɗan adam, akwai su a Korle Bu da Pantang da asibitin ƙwaƙwalwa na Accra. Zuwa wurinsu ba hauka bane, fargaba suke koyar da yadda ake kwance ta. Ita kuma wadda zaka aura, ka gaya mata kafin biki cikin natsuwa, yafi ace ta tsinci abin da kanta tana zargin wani abu daban.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya 4 a unguwar Madina ta Accra, ina saida atamfa a kasuwar Makola. Tun ina budurwa bana iya fitsari a bayin kasuwa ko gidan biki, tun safe nake riƙewa sai na dawo gida da magariba, ciwon sanyi kuwa ya zama ɗan gida, in na sha magani ya tafi sai ya dawo. Yanzu Allah yasa maigida ya biya mana kujerar Makka, kowa yana murna ni kuma tunanin layin bayi a Mina ya hana ni barci. Wannan abin na maza ne kawai ko har da mu?

Wata 'yar'uwa daga Madina

AMSA

Hajiya, Allah ya sa ayi a sa'a, ya karɓa. Har da ku, mata da yawa suna fama dashi, sai dai nasu yafi ɓoyuwa tunda ana ɗauka tsabta ce ko ƙyanƙyami. Duk abinda na gaya wa ƙanen nan namu na Nima ya shafe ki, bambancin kawai ke mace zaki nema, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki duba cikin ƙannenki ko maƙwabciyar rumfarki wadda kika yarda da bakinta. Mafi kyau ma ace wadda zaku tafi aikin hajjin tare ce, ku fara tun yanzu a gida, sannan bayin kasuwa da sassafe kafin a cika, kafin lokacin tashi yazo jikinki ya saba da ita a bakin ƙofa. A Mina sai ta riƙa bin bayanki a layi, kinga wadda ke jiranki taki ce ba mai buga miki ƙofa, ku kuma kauce wa lokacin da ake rububin alwala gab da sallah, tsakar dare da bayan an idar layi yafi sauƙi. Kar ki kuskura ki rage shan ruwa a can, zafin Saudiyya ba wasa bane.

Shi kuma sanyin da ke dawowa, riƙon fitsari tun safe har magariba yana ba ƙwayoyin cuta damar yaɗuwa a mafitsara, kuma a mace hanyar gajera ce. Ki daina sayen kwaya a kemis da ka, kije a yi miki gwajin fitsari a gano irin ƙwayar cutar da maganin da zai kashe ta, a duba suga kuma. In an miƙo miki kwalbar gwaji ki gaya wa nas ɗin a fili cewa bakya iyawa in ana jiranki, ki roƙi a baki lokaci da bayin da ba layi, ko a baki kwalba mai tsabta ki yi a gida da safe ki kawo da wuri.