Ga mai tambayar waƙoƙin Dublin: fara da Luke Kelly

Assalamu alaikum. Ƙanena da ka ce za ka zo Dublin, babban birnin Ireland, karatu a watan Satumba, kana tambayar ko banda U2 akwai mawaƙan da garin ke alfahari da su, ga abin da na sani. Shekara tara ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin kogin Liffey, kuma a bakin tsofaffin nan na koyi yawancin waƙoƙin.

U2 'yan garin ne tabbas, a makarantar Mount Temple suka haɗu a 1976. Amma waƙarsu ta duniya ce. In kana son ka ji Dublin kanta, ka nemi muryar Luke Kelly. Ɗan talakawa ne, an haife shi a 1940 a unguwar masu aikin tashar jiragen ruwa, ya rasu a 1984. Shi da Ronnie Drew da Barney McKenna da Ciarán Bourke ne suka kafa ƙungiyar The Dubliners a 1962, suna taruwa a gidan giyar O'Donoghue's da ke titin Merrion Row. Ronnie muryarsa kaushi gare ta kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, shi kuwa Luke in ya ɗaga murya sai ka ji tsigar jikinka ta tashi ko da ba ka gane kalma ɗaya ba.

A hunturuna na farko ina aikin dare, akwai wata tsohuwa da mantuwa ta ci ƙarfinta, har 'yarta ta cikinta ba ta ganewa. Wajen ƙarfe uku na dare na shiga gyara mata bargo, rediyon da ke gefen gadonta yana yin "On Raglan Road". Sai na ji ta kama, baiti bayan baiti, ba ta tsallake ko ɗaya ba, hannunta yana bubbuga ƙarfen gado. Na tsaya da bargon a hannu har ta kai ƙarshe. Washegari na je na bincika. Ashe rubutacciyar waƙa ce ta Patrick Kavanagh, mutumin ƙauye daga Monaghan, aka buga ta a 1946. Ya yi ta ne a kan wata budurwa ɗalibar likitanci da ya so bai samu ba, ya ɗora ta a kan wani tsohon karin gargajiya, daga baya ya ba Luke ya rera. Titin Raglan yana nan a Ballsbridge, shiru, da manyan bishiyoyi. Na taka shi da ƙafa a lokacin da ganye ke zuba.

Abin da ya ja ni ga waƙoƙin nan shi ne waɗanda ake yi wa su. Ba sarakuna ba ne, ba attajirai ba. Ɗan Maraya Jos ya kan faɗo mini a rai, yadda ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa. Dubi "Molly Malone", wadda ta zama kamar taken garin: 'yar talla ce mai tura baron kifi a lunguna, zazzaɓi ya kashe ta da ƙuruciya. Babu hujjar cewa an taɓa yin ta a zahiri, duk da haka an kafa mata mutum-mutumi a 1988, yanzu yana Suffolk Street. In 'yan Dublin na wasa a filin Croke Park za ka ji dubban mutane sun ɗauke ta da murya ɗaya. Sai "The Auld Triangle", waƙar ɗan fursuna a kurkukun Mountjoy, wadda ta fito a wasan kwaikwayon Brendan Behan a 1954. Shi kansa Behan ya yi zaman gidan. Triangle ɗin da ake nufi ƙarfe ne mai kusurwa uku da gandiroba ke kaɗawa a tashi fursunoni, ƙararsa na bin ruwan Royal Canal. Galibi ba a sa mata kiɗa, murya ce zalla da 'yan amshi.

Kada ka yi kuskuren da na yi da "Dirty Old Town". Ana rera ta ko'ina a garin, amma Ewan MacColl ya yi ta ne a kan Salford ta Ingila.

Mutum biyu kuma ina so ka sani, don za su taɓa ka ta wata fuskar. Phil Lynott, jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Thin Lizzy, baƙar fata ne, mahaifinsa ɗan Guyana, kakarsa ta raine shi a Crumlin a zamanin da da wuya ka ga baƙi a titin Dublin. Ya rasu a 1986, mutum-mutuminsa yana Harry Street riƙe da jita. Ranar da na fara ganinsa na daɗe a tsaye. Sai Sinéad O'Connor, wadda ta musulunta a 2018 ta koma Shuhada' Sadaqat. Ta rasu a Yulin 2023, aka yi mata sallah irin ta Musulunci, jama'a suka yi dafifi a bakin teku a Bray don rakiyarta. Allah Ya jiƙanta.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: kiɗan gargajiyarsu a gidajen giya yake zaune. A wuri irin Cobblestone a Smithfield makaɗa ke zama a kusurwa da goge da sarewa da wata ganga mai kama da bandirinmu, da wata algaita da ake zuga wa iska da gwiwar hannu. Ni ban shiga, kuma ban rasa komai ba. Masu kiɗan titi suna Grafton Street kullum, ana kuma shirya zaman kiɗa a ɗakunan taro da ɗakunan karatu na unguwanni. In ka sauka ka yi mini magana, ranar Asabar ba na aiki. Mu fara da kan Luke Kelly da aka sassaƙa a bakin Royal Canal kusa da Sheriff Street, mai jan gashin nan na waya, daga nan mu gangara cikin gari.